Ga 'yar uwar da ɗanta ya daina Hausa a waje

'Yar uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce ɗanki ya daina amsa miki da Hausa in kun fita, har yana roƙon ki daina zuwa ɗaukarsa a makaranta, alhali sakamakonsa lafiya lau. Haka nawa ya yi mini a nan Agege, Legas.

Kada ki wahalar da kanki da binciken littattafansa, abin ba ya ciki. Ni a bikin ƙarshen shekara na gane. Makarantar kuɗi ce, suka shirya wasan kwaikwayo, sati uku yaron nan yana ɓoye mini abin da zai fito. Ranar na ci ado, na kwashi ƙannensa muka zauna gaba. Ɗan wani ya fito likita, wata lauya, sai ga nawa da tsohuwar jallabiya da tocila da 'yar rediyo, wai maigadi. An sa shi ya karya Turancinsa, yaron da yake zuwa na biyu a aji! Da an kira "aboki" sai wurin ya kaure da dariya. Ya ɗago ya hango ni, ya sunkuyar da kai, bai ƙara ɗagowa ba har aka gama. A Keke Marwa muka koma gida ba wanda ya ce uffan. Har yau in na ga irin tocilar nan sai ƙirjina ya yi nauyi. Da na sami malamar, ko kunya babu, ta ce ai shi ya fi dacewa. Ya fi dacewa! Matar da ke cin yara tara in sun yi yarensu, wadda ba ta taɓa ba shi monita ba, sai dai aiken sayo mata ruwa. Na bar ta da Allah.

Ƙanwata da ta karanci ilimin zamantakewa a Jami'ar Jihar Legas (LASU) ta ce abin yana da suna, ɓoyayyiyar manhaja. Wani Ba'amurke, Philip Jackson, ya fito da kalmar a 1968. Darasi ne da ba ya cikin jadawali, yaro yana ɗaukarsa daga wa ake yabo, wa ake turawa benci na baya, harshen wa ake hukuntawa.

Don Allah kada ki yi masa faɗa, ni na yi, sai ya ƙara rufe baki. Ki tambaye shi a hankali wane suna ake kiransa da shi lokacin tara. Kuma ki riƙa zuwa taron iyaye da malamai, ki ja babansa ko da zai rufe shago. Mu da yawa kuɗi kawai muke aikawa. Maganar hijabi a makarantun gwamnatin Legas ai sai da aka tsaya a kai tun daga hukuncin 2014 da ya goyi bayan hana shi har Kotun Ƙoli a 2022 kafin 'ya'yanmu mata su samu. Yarbanci kuma ki bar shi ya koya, doka ce tun 2018, kuma malamin da ya dawo wa nawa da walwalarsa a sabuwar makaranta Bayarabe ne, Allah ya saka masa da alheri. Na kan tura yarana Kano hutu wurin kakarsu, ko da kuɗin mota ya yi tsada.

A wace unguwa kike? In kusa ne zan raka ki wurin shugaban makarantar.