Shamfu na ganye: ki juya robar ki karanta bayanta

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah na sayi wani shamfu a kasuwar Sabon Gari, a gaban robar an zana ganyen zogale da kwakwa, mai shagon ya ce min ba kemikal ko ɗaya a ciki. Toh amma tunda na fara wanke kai da shi gashina ya bushe kamar tsintsiya, in na sa matajin sai karyewa kawai. Ko jabu aka sayar min?
Daga ƙanwarki a Gyallesu

Wa alaikissalam ƙanwata. Ba lallai jabu ba ne. Ɗauko robar yanzun nan ki juya bayanta, wajen ƙananun rubutun nan da ba mai kulawa da su. Ƙa'idar ita ce ana jera kayan haɗin ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci. Na farko kusan kullum za ki ga Aqua, ruwa ke nan. Na biyu shi ne ainihin mai wankin, kuma shi nake so ki duba da kyau. In kin ga Sodium Lauryl Sulfate ko Sodium Laureth Sulfate toh ga abin da ke busar miki da kai nan. Shi ma wannan salfet ɗin sau da yawa daga man kwakwa ko man alayyadi ake sarrafa shi a masana'anta, shi ya sa kamfani ke iya zana kwakwa a gaba ba tare da ya yi ƙarya ba, amma fa yana da ƙarfi, dauɗa da maiƙon da fatar kanki ke fitarwa duk tare yake kwashewa. Mu kuma gashinmu a nannaɗe yake, maiƙon baya samun gangarowa har ƙarshen silin gashi kamar na masu miƙaƙƙen gashi, dama can a bushe yake, ga hunturun Zariya da ko leɓe sai ya tsage, ki ɗora masa salfet duk sati ai dole ya karye.

Shi kuma zogalen da aka zana, ki nemi Moringa Oleifera a jerin ki ga inda ya faɗo. Ni na taɓa tsayawa a wani shago na ƙirga da yatsa, sai can ƙasa na same shi bayan turare ma, wato abin da aka zuba bai fi ɗigo ba. Man kaɗe sunansa a roba Butyrospermum Parkii, darbejiya Azadirachta Indica, kuka Adansonia Digitata. In kin gan su a sahun farko-farko toh da gaske an sa.

In za ki sake saye ki nemi wanda na biyunsa ko na ukunsa ke da kalmar Glucoside, ko Cocamidopropyl Betaine, su ba su kai salfet ƙarfi ba. Kumfarsu kaɗan ce kar ki ce baya wanki, yawan kumfa ba shi ne tsafta ba. Wanda ke hannunki kuma kar ki zubar, kuɗi kika sa. Ki ajiye shi sai ranar da kika tsefe kitson da ya daɗe, basilin da ƙura sun taru, ki tsiyayi kaɗan a kofi ki sirka da ruwa ki wanke fatar kan kawai.

Anti ina yini. Ni kam na haƙura da shamfun kanti, sabulun salo nake amfani da shi ni da 'yan matana uku tunda shi ne na gargajiya, amma bayan wanki kan sai ya cukurkuɗe, wajen taza har kuka ƙaramar take. Me nake yi ba daidai ba?
Maman 'yan mata, Tudun Wada

Lafiya lau Maman yara, Allah ya raya su. Sabulun salo na da kyau wajen wanki, amma da toka ake haɗa shi da mai, dan haka yana da kaifi irin na kanwa. Akwai ma'aunin da ake kira pH, fatar kai tana wajen 5.5 ne, sabulu kuwa yakan kai 9 ko 10. Kowane silin gashi na da 'yan ɓawo-ɓawo a jikinsa kamar na kifi, in kaifin ya taɓa su sai su buɗe su riƙa sarƙe juna, cukurkuɗewar ke nan. In kuma ruwan rijiyarku ko na burtsatse mai nauyi ne, irin wanda ke barin fari-fari a gindin tukunya, toh sabulun na haɗuwa da shi ya bar wani danƙo a gashi. Ki riƙa yin ɗaurayar ƙarshe da ɗan tsami, cokali ɗaya na ruwan lemun tsami a kofin ruwa babba, ki kiyaye idon yaran.

Amma ni da za ki ji tawa, karkashi za ki koma wa. Iyayenmu ba su yi wauta ba wallahi. Ki jiƙa garin a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, ki tace da tsumma mai tsafta dan kar ɓurɓushin ya maƙale, ki shafa a kai ki warware da yatsu tun yana jiƙe, daga ƙarshen gashi ki yi sama. Yauƙin nan aikin kwandishana yake yi, matajin zai wuce sumul ba kuka. In kan ya yi dauɗa sosai ki haɗa da dakakken ganyen magarya, shi yana ɗan kumfa da kansa. Sai dai ki jiƙa iya na ranar, in ya kwana wari yake. Wannan ne ma ya sa nake tsoron shamfun haɗin gida da ake tallatawa a sitatus ɗin WhatsApp ana cewa ba a sa masa komai ba. Duk abin da ke da ruwa da ganye in ba a sa maganin hana lalacewa ba ƙwayoyin cuta za su hayayyafa a ciki, dan haka in kin ga Sodium Benzoate ko Potassium Sorbate a roba kar gabanki ya faɗi, aikinsu ke nan. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa.

Anti gaban kaina ya cinye tun bayan haihuwa, wata huɗu ke nan. An ce min in sayi shamfu mai albasa da habbatussauda gashi zai tsiro cikin sati biyu, amma tsada gare shi. In saya?
Amarya daga Samaru

Ki riƙe kuɗinki Amarya, ki sai ƙwai da wake da alayyahu ki ci. Gashi wajen santimita 1 yake tsawo a wata, kuma shamfu minti nawa yake yi a kai kafin a ɗauraye? Zubewar gashi wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa abu ne da aka sani, canjin jiki ne, yawanci kafin yaro ya shekara ya dawo. Abin da zai hana shi dawowa shi ne kitso mai ɗaurewa, ki faɗa wa mai kitsonki ta bar 'yan gashin goshin nan kar ta kama su, ki sassauta ɗaurin ɗankwali ma. In kina jin jiri ko yawan kasala ki je a auna jininki, ƙarancin jini na zubar da gashi. In kuma akwai amosani da ƙaiƙayi toh ki daina lafta mai a fatar kan, ki tambaya a kemis a ba ki shamfu mai Ketoconazole, ki bar kumfar ta yi minti 5 kafin ki ɗauraye, sau biyu a sati. In wata ya wuce ba sauƙi, ko kika ga wurin ya yi sanƙo sumul yana sheƙi, ki je asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ki ga likitan fata.