Amsa ga mai shayarwa da ta koma aikin dare

'Yar'uwa, kin ce kin koma aikin dare jaririnki na da wata uku, kina tambaya ko rama barci ranar hutu ya wadatar. Yana rage gajiya, amma ba ya biyan bashin duka.

Wani bincike kan iyaye a Jamus, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa a wata ukun farko uwa kan rasa barcin kusan awa guda kullum, uba kuwa bai kai minti 15 ba. Ke ga aikin dare ya hau kai. Hasken safiya yana danne sinadarin melatonin mai jawo barci, shi ya sa za ki dawo a galabaice amma ido ya ƙi rufuwa.

Abin nema shi ne barcin awa 4 zuwa 5 a jere, ba a gutsuttsure ba, da zarar kin shigo gida. Ki rufe taga da labule mai kauri, ki kashe waya. Ki tatse nono ki bar wa maigida ko kakar jaririn. A firji yana kai kwana 4, a ɗaki mai sanyi awa 4 kawai, lokacin zafi ma kada ki bari ya kai haka. Kafin fita aiki ki ƙara barcin minti 90. Shayi, kofi da goro ki ajiye su awa 6 kafin kwanciya.

Don Allah kada ki shayar da shi a kan kujera kina gyangyaɗi, nan ne haɗarin danne jariri ya fi yawa. Da ya ƙoshi ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa.