Gilashin Tabarauna Ya Yi Kauri, Ko Akwai Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 24, kuma tun ina firamare ba na ganin nesa. Yanzu lambar tabarauna ta kai -9, nauyinsa har shaida yake bar mini a karan hanci. Ko akwai wata hanya? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mafi sauƙi shi ne ki nemi gilashi mai lamba 1.67 ko 1.74 (wannan lambar nau'in gilashin ce, ba ta ƙarfin tabarau ba), wanda ya fi na gama-gari siranta, sannan ki zaɓi ƙaramin firam, domin kaurin irin gilashinki a gefe yake taruwa. Akwai kuma ɗan gilashin da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, sai dai yana son tsabtar hannu sosai, ƙurar hunturu tana damun masu shi, kuma ba a kwana da shi.

Aikin leza kuwa, wato tiyatar da ake yi da haske, kankare fatar nan mai garai-garai da ke gaban ƙwayar ido ake yi, kuma mai -9 sai an kankare da yawa, saboda haka idan fatar ba ta da kauri likitoci sukan gwammace su dasa gilashi a cikin idon.

Abin da ya fi damuna shi ne, duk waɗannan ba sa rage tsawon da ƙwayar idonki ta yi, wanda shi ne yawanci ke hana ganin nesa, kuma ke sa tantanin bayan ido ya miƙe har ya iya yagewa. Ki riƙa zuwa a duba shi duk shekara. Idan kika ga walƙiya, ko ɗige-ɗige baƙaƙe sun yawaita farat ɗaya, ko wani duhu ya rufe gefen ganinki, ki garzaya asibitin ido a ranar; Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ba ta da nisa da ke.