Sandar Sauti ko Siliman Gida: Wanne Ya Dace da Falonka?

Tambayoyin wannan karon duk a kan sauti suka taru, kuma mafi yawansu daga nan cikin garin Damagaram suka fito. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa.

Tambaya daga Sabon Gari: Malam, barka da aiki. Na sayi sabuwar tele mai inci 55, hoto kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma sautinta kamar daga cikin gwangwani yake fitowa. Na je Kasuwar Dole, wani ya nuna mini doguwar sifikar nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin tele, wani kuma ya ce in ɗauki mai sifika biyar da wufa. Jika 150 na sefa na ware. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Telenka ba ta da ciwo. Tsofaffin talabijin masu ƙaton baya suna da wurin da sifika za ta zauna ta fuskanci mai kallo. Na yanzu sun siranta har babu wurin, shi ya sa ake cusa ƴan mitsi-mitsin sifikoki suna kallon ƙasa ko bango. Sauti iska ce ake turawa, kuma abin da bai fi murfin kwalba ba iska nawa zai tura?

Doguwar da aka nuna maka ita ce muke kira sandar sauti: sifikoki da yawa da amfilifayarsu duk a cikin akwati ɗaya, waya ɗaya zuwa tele, ɗaya zuwa kuran. Ɗayan kuma siliman gida ne, wanda ƴan kasuwa ke kira hom tiyata (ba tiyatar asibiti ba). Lambar 5.1 da ke kan kwalinsa tana nufin sifika biyar da wufa ɗaya: ta tsakiya mai ɗaukar maganganun mutane, ta hagu da ta dama a gaba, biyu a gefe can bayan kunnenka, sai wufa mai fitar da rugugi. Tsarin ya bazu ne daga gidajen silima, inda Dolby Digital ya shiga a 1992, DTS ya biyo baya a 1993.

In ana maganar daɗin sauti zalla, siliman gida na gaske da aka jera daidai ya fi sandar sauti, wannan ba abin musu ba ne. Matsalar tana cikin kalmomin nan biyu, na gaske da daidai.

Mu fara da jerawa. Ƙa'idar ita ce sifikokin gaba su buɗe digiri 30 hagu da dama daga inda kake zaune, na baya kuma wajen digiri 110. A aikace, in tsakaninka da tele mita 3 ne, kowace sifikar gaba za ta yi nesa da tsakiyar tele da kusan mita 1.7, na baya kuma su zauna a gefenka, su ɗan wuce kafaɗa. Wannan tsari kujera ɗaya ko biyu yake yi wa hidima, waɗanda ke tsakiyar ɗaki. To mu kuma ya muke jera falo? Kujeru a jikin bango, sun zagaye ɗakin, tsakiya an bar wa kafet da tiren abinci. Wanda ya zauna kusa da sifikar baya ba abin da zai ji sai ihun ƴan kallo da ƙarar iska, mai sharhin ƙwallo ya ɓace masa.

Na taɓa zuwa gidan wani abokina da ya kira ni in zo in ji sabon kayan da ya sayo daga Kano. Na tarar da sifikokin nan biyar a jere reras a kan kanta ɗaya ƙarƙashin tele, kamar kwanukan jeren amarya, wayoyinsu a naɗe da kyauron roba yadda suka fito daga kwali. Na ce masa biyun nan ai na baya ne. Ya ce uwargida ta hana, wai ba za a shimfiɗa mata waya a tsakar ɗaki yara su yi ta tuntuɓe ba, mai shara kuma ta fizge. Ban ga laifinta ba. Amma sakamakon shi ne ya biya kuɗin sifika biyar yana jin abin da sanda ɗaya za ta ba shi, watakila ma ƙasa da haka.

Sai batun na gaske. Juya akwatin amfilifayar ka dubi bayansa. In ramukan shigar sauti biyu ne kawai, ja da fari, to hanya biyu yake karɓa, hagu da dama, sai ya kwafe su ya watsa wa sifika biyar. Ƙara ce ta ƙaru, amma jirgi ba zai taso daga gabanka ya wuce ta bayanka ba. Na gaske yana da ramin HDMI ko na wayar haske (wadda ake rubuta wa optical), kuma an rubuta Dolby Digital ko DTS a jikinsa. Ko shi ɗin ma sai abin da kake kallo an naɗe shi da hanya shida. Labarai, wa'azi, waƙoƙin da ake turawa a WhatsApp, da akasarin abin da ke YouTube, duk hanya biyu ne.

Da jika 150, ni sandar sauti mai wufa a ware zan ɗauka, wadda aka rubuta wa 2.1, ko 3.1 in ta samu. Kuɗin da za a raba wa sifika shida da wayoyi da amfilifaya, in aka zuba shi a uku ko huɗu, kowace ta fi samun kaya mai kyau. Siliman gida na wanda yake da ɗaki na musamman ne, yana kallon finafinan da aka yi wa wannan aikin, kuma ya yarda a fasa bango ko a bi gindinsa da waya.

Tambaya daga Birni: Gidanmu soro ne na gado, rufin falon tulluwa ce. Lokacin zafi kuma tsakar gida muke fitar da tele. Na ga wata sanda an rubuta mata Dolby Atmos, mai shago ya ce sauti zai riƙa saukowa daga sama. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne a wani ɗakin, ba a naku ba. Dolby Atmos ya fito a gidajen silima a 2012, ya shigo kayan gida a 2014, kuma asalinsa sifikoki ne a maƙale a rufi. Sandar da ke kwaikwayonsa tana da sifikoki masu kallon sama: su harba sauti zuwa silin, ya dawo maka kamar yadda madubi ke mayar da hasken tocila. Wasu kuma suna harbawa gefe, bango ya mayar, ka ji kamar daga bayanka ya zo. Dabarar tana son silin shimfiɗaɗɗe mai tauri, wanda bai cika tsawo ba, da bango a hagu da dama. Tulluwa lanƙwasasshiya ce, sautin zai taru a wani wuri ya watse a wani, ba inda injiniyan ya lissafa ba. A tsakar gida kuwa, abin da aka harba sama ya tafi wurin taurari ke nan.

Akwai ma sandunan da aka buga wa sunan Atmos alhali ba su da sifika mai kallon sama ko ɗaya, lissafin kwamfuta ne kawai ke ruɗin kunne. In ka ga lamba uku kamar 3.1.2, ta ƙarshen ita ce adadin masu kallon sama.

Kada ka biya kuɗin wannan suna. Nemi sanda mai sauƙin ɗauka, mai sifikoki masu fuskantar gaba. Albishir ɗaya: katangar ƙasa mai kauri ba ta karkarwa kamar kwano da silin na falanki, don haka wufa za ta yi daɗi a soron nan fiye da yadda take yi a gidajen zamani da yawa.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Garin Malam: Mahaifina ya manyanta. Yana son tafsiri da labaran dare, amma kullum cewa yake ba ya gane abin da ake faɗa, ko an ƙure ƙara. Yayana ya ce a sayo babbar wufa.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Ki ce wa Yaya ya dakata, wufa za ta ƙara dagula lamarin ne. In shekaru suka ja, siraran sautuka ne kunne ke fara rasawa, irin waɗanda ke bambanta sa da sha da fa da ta. Baba yana jin murya, haruffan ne ke zille masa. Wufa kuma kaurin sauti take ƙarawa, can ƙasa da hertz 120 ko makamancin haka, wanda dama yana jinsa, sai ya danne ɗan abin da ya rage.

Abin da ya dace da shi sanda ce mai sifikar tsakiya, wato 3.0 ko 3.1, mai maɓallin fito da murya a rimot ɗinta. A rage bas, a ɗan ƙara siririn sauti. A ajiye ta a bakin tebur tana fuskantarsa, kada a tura ta cikin lungun kabad. In ɗakin tayil ne da bangon siminti tsirara, a shimfiɗa kafet ko darduma mai kauri, a rataya labule, domin amsa-kuwwar ɗaki tana cin haruffa kamar yadda tsufa ke ci. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa a ga canji. Kuma tun da abin ya kai ga ko an ƙure ƙara ba ya ganewa, a kai shi likita ya duba kunnen, wani lokaci datti ne kawai ya toshe.

Tambaya: Wani kwali an rubuta 5000W, wani 300W, amma mai 300 ya fi tsada. Me ya sa?

Amsa: Duba ƙananan haruffan da ke bin lambar. In PMPO ne, lambar talla ce, ba ta da ma'aunin da kowa ya yarda da shi. RMS ita ce ta kusa da gaskiya. Hanya mafi sauƙi: karanta ƴar takardar da ke manne kusa da wayar kuran, wadda ke faɗin wutar da na'urar ke ci. Abin da ke shan wat 60 daga bango ba zai dawwama yana fitar da 5000 ba. Sannan ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan kunne ke ji, sai an ninka kusan sau goma kafin ka ji ƙarar ta ninku. Ka je da wayarka da waƙar da ka sani sarai, a kunna maka, ka saurari murya, ba girgizar ƙofar shago ba.

Tambaya daga Zango: Na haɗa sandata da tele ta Bluetooth, amma bakin mutum yana riga maganarsa. Kuma ina jin tsoron kuran ɗinmu, sola nake amfani da ita in an ɗauke.

Amsa: Bluetooth sai ya dunƙule sautin ya aika, can a warware shi, wannan ɗan lokacin ne kake gani a leɓe. Bar shi don waƙa daga waya. Dubi bayan tele, cikin ramukan HDMI akwai wanda aka rubuta wa ARC ko eARC, nan za ka soka, ɗaya bakin kuma a ramin ARC na sanda. ARC ya zo da HDMI 1.4 a 2009, eARC da HDMI 2.1 a 2017, don haka yawancin telen da ke kasuwa yanzu suna da ɗaya daga ciki. Ribarsa ita ce rimot ɗin tele zai riƙa ƙara da rage sautin sanda, in ka kunna CEC a saiti. Samsung na kiransa Anynet+, LG kuma SimpLink. Dekodar Canal+ ko wace iri kake da ita ta shiga wani ramin HDMI na tele, tele ta miƙa wa sanda.

In babu ARC, nemi ramin wayar haske, ɗan murabba'i mai jan haske a ciki. Ka tuna cire ƴar hular robar da ke bakin sabuwar wayar, mutane da yawa sun dawo mini da ƙorafin ba ta shiga, ashe hular ce. In ka haɗa ka ji shiru, shiga saitin sauti na tele ka mayar da shi PCM.

Batun kuran kuwa, lokacin dawowar wuta ne ya fi kashe kaya, ba lokacin ɗaukewa ba. Sa regilata ko abin kariya daga hauhawar wuta a tsakani, kuma in an ɗauke ka zare filogi, sai ta dawo ta zauna ka mayar. Haka ma in hadari ya taso da walƙiya a damina. A kan sola sanda ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin babbar amfilifayar siliman gida tana cin wuta ko da an rage ƙara, tana kuma fitar da zafi. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Damagaram ke haura digiri 40, irin wannan amfilifaya in aka kulle ta a kabad ko aka lulluɓe ta da ƙyallen ado, kashe kanta za ta riƙa yi ana tsakiyar kallo. In inbatarka ta arha ce kana jin zuuu a sifika, daga wutar da take fitarwa ne, mai tsabtataccen zubi ake nema, wadda ake rubuta wa pur sinus. Da hunturu kuma a rufe kayan da ƙyalle bayan an kashe sun huce, a riƙa share ramukan iskar da busasshen buroshi duk mako.