Su Wane Ne Suka Zauna A Majalisar Dokokin Jihar Arewa?

Tambaya: Don Allah a ba ni bayani game da waɗanda suka zauna a Majalisar Dokokin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna, da kuma waɗanda suka shugabance ta. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, an kafa wannan majalisa ne a ƙarƙashin tsarin mulkin Richards wanda ya fara aiki a 1947, kuma tana zama a Kaduna kafaɗa da kafaɗa da Majalisar Sarakuna. Da farko jami'an Turawa da wakilan hukumomin En'e ne suka cika ta, sai tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya kawo zaɓaɓɓun wakilai 90, waɗanda aka zaɓo mataki-mataki tun daga ƙauye har zuwa lardi. Wannan hanya ta ba ma'aikatan En'e da 'ya'yan sarauta rinjaye, abin da jam'iyyar NEPU ta yi ta kuka da shi, kuma a ganinmu kukan nata yana da tushe. Mata kuwa ba su da ƙuri'a a duk tsawon rayuwar majalisar.

Ta fuskar shugabanci, Bature Rex Niven ya daɗe yana jagorantar zamanta kafin Alhaji Umaru Gwandu ya zama Kakaki. Sir Ahmadu Bello na jam'iyyar NPC ya zama Firimiya a 1954, Alhaji Ibrahim Imam kuma ya taɓa jagorantar 'yan adawa. Juyin mulkin Janairun 1966 ne ya rushe ta.