Amsa ga mai tambaya kan ɗanta da ke naziri

Wa alaikis salam 'yar uwa. Kin ce yaronki ɗan shekara 4 kullum in ya dawo sai labarin wasa da waƙa, ba aikin gida, har kina tunanin canza masa makaranta. Don Allah ki dakata tukuna.

A shekarun nan wasan shi ne karatun. Yaron da ke tuwon ƙasa ko yake jera murafan kwalba yana ƙirga su, yatsunsa ne ke ƙwari, kuma da yatsun nan zai riƙe fensir gobe, in kuma suna carafke ko 'yar tsana da 'yan uwansa to nan yake koyon jiran layi da haƙuri da yadda zai faɗi abin da ke ransa ba sai ya yi kuka ba. Ai ko tsarin ilimi na ƙasa a Najeriya cewa ya yi ta hanyar wasa za a koyar a wannan matakin. A Finland ma sai yaro ya kai shekara 7 yake shiga firamare.

Ni abin da ke damuna wallahi shi ne makarantun da ke sa ɗan shekara 3 rubuta 1 zuwa 100 don a burge iyaye, yaro ya tsani biro tun bai san amfaninsa ba.

Amma fa ki leƙa ajin wata rana. Malama tana cikinsu tana tambayarsu "wanne ya fi girma, guda nawa ne?" ko ta sake su tana danna waya? In na farkon ne ki bar shi, a gida ki ƙara masa da tatsuniya da daddare.