Amsa ga Yaya kan damuwa da bugun zuciya

Assalamu alaikum. Yaya, ki yi haƙuri sai yanzu na saurari muryarki, ina bakin aiki ne. Na ji kin ce tun rasuwar ƙaninsa maigidanki ba ya barci, ba ya son magana, jiya kuma ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ana ta ce miki ai damuwa ce, za ta wuce. Kina tambaya ko damuwa na kawo bugun zuciya.

Tana kawowa. Amma kafin komai, don Allah a kai shi asibiti yau ɗin nan, a yi masa ECG, wato gwajin da na'ura ke zana aikin zuciya a takarda, da gwajin jini na troponin, mai nuna ko tsokar zuciya ta ji rauni. Ko ni da nake aikin asibiti ba zan kalli mutum da ido in ce wannan firgici ne, wancan zuciya ce ba. Alamominsu na kama da juna sosai: nauyin ƙirji, gumi, sarƙewar numfashi. Na'ura ce ke raba gardama.

To, yadda abin yake. Kin san muna cewa wane ya haɗiyi zuciya ya mutu? Ashe maganar tana da tushe. Idan mutum ya shiga tashin hankali, jiki na sakin sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, jijiyoyi su tsuke, jinin kansa ya fi saurin daskarewa. Idan da ma akwai kitse da ya taru a bangon jijiyar da ke ciyar da zuciya, wannan matsin na iya fasa shi, gudan jini ya toshe hanya, wani yanki na tsokar zuciya ya fara mutuwa. Shi ne bugun zuciya. An ga haka ƙarara a 1994 da aka yi girgizar ƙasa a Los Angeles ta Amurka, a ranar kanta masu faɗuwa su mutu da ciwon zuciya suka ninka sau da dama, ba gini ne ya faɗo musu ba, tsoro ne. Kwanakin farko bayan rasuwar makusanci ma haɗarin na hawa sosai, shi ya sa maganarki ta tsaya min a rai.

Akwai ma wani nau'in da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, suna ce masa takotsubo, sunan wata tukunya ce ta masunta, don zuciyar kan kumbura ta yi kamar tukunyar. A duba jijiyoyin a ga babu toshewa, baƙin ciki ne kawai ya kassara tsokar. Ya fi kama mata da suka daina al'ada, kuma galibi ana warkewa cikin makonni, amma shi ma sai an kwanta asibiti.

Wannan na farat ɗaya ke nan. Wanda ya fi damuna shi ne mai cin mutum a hankali, kamar gara. Mai ciwon damuwa ba ya barci, ba ya motsa jiki, in mai shan sigari ne ya ƙara, sannan ya yi watsi da magani. Ba taurin kai ba ne fa, Yaya, ba ya ganin amfanin komai ne. Kin taɓa ce min yana da hawan jini. Ki ɗauko kwalin maganin ki ƙirga ƙwayoyin da suka rage, sau da yawa a nan muke gano mutum ya yi sati uku bai sha ba, alhali kullum yana cewa ya sha. Wani babban bincike da aka fitar a 2004, INTERHEART, a ƙasashe 52, ya jera damuwa tare da sigari, hawan jini da ciwon suga cikin manyan abubuwan da ke jawo bugun zuciya.

Kuma abin yana juyawa ta ɗaya gefen. Cikin waɗanda suka tsira daga bugun zuciya, kusan mutum ɗaya cikin biyar na faɗawa tsananin damuwa, kuma su ne suka fi komowa gadon asibiti.

Idan kun je, kada ki tsaya kan ƙirjin kawai. Maza da yawa in likita ya tambaye su sai su ce lafiya lau, ke ce za ki faɗi rasuwar, da rashin barcin, da shirun. Ciwon damuwa yana da magani, akwai na zama a yi magana da ƙwararre, akwai na sha, kuma akwai waɗanda aka tabbatar masu ciwon zuciya na iya sha. Likita ne zai zaɓa.

In kuma kafin ku fita kika ga ya dafe ƙirji, gumi mai sanyi na keto masa, ciwon na tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ko yana jin amai, kada ya tuƙa mota da kansa, ku tafi sashen gaggawa kai tsaye. Idan an yi ECG ɗin ki ɗauki hoton takardar ki turo min ta lambata, wayata na kunne.